Ka mayar da fom ɗin auna jin daɗin rayuwa zuwa Hausa? Ga yadda ake gwada shi kafin a yarda da makinsa

"Baba, a makonni biyun nan da suka wuce, yaya za ka ce rayuwarka take?" Ya ce Alhamdulillahi. Na ce to Baba, cikin amsoshi biyar ɗin nan wacce zan sa maka, na karanto masa su ɗaya bayan ɗaya. Ya dube ni ya ce, "ɗana, ai bawa ba ya raina ni'imar Ubangiji, sa mai kyan." Dattijon nan tun asuba ya taso daga wani ƙauye ta wajen Giwa, kuɗin motar ma rance ya yi, kuma ko minti goma ba a yi ba da ya gama faɗa wa likita cewa rabonsa da barcin kirki tun kafin girbi. Na sa masa mai kyan. Ran nan na koma gida da fom cike da maki masu kyau na mutanen da ni da idona na ga ba sa jin daɗi, kuma Hausar fom ɗin ba ta da kuskure ko ɗaya, malamin Hausa ma ya duba ya ce ta yi.

Shi ya sa in ɗaliban digiri na biyu ko abokan aiki suka tambaye ni wai "na gama fassara, saura me", nakan ce saura aikin gaba ɗaya. Bari in jero yadda ake bi, ga mai son yin wannan aiki da masu zuwa kilinik ɗin ƙwaƙwalwa a nan Zariya da kewaye.

Fara da zaɓen fom da neman izini

Kar ka ɗauko fom don kawai ka gan shi a firojet ɗin wani. Wanda aka fi sani shi ne WHOQOL-BREF na Hukumar Lafiya ta Duniya, tambaya 26 ne, an tsamo shi daga babban wansa mai tambaya 100. Tambayoyi biyu na farko na gaba ɗaya ne, sauran 24 an kasa su gida huɗu: lafiyar jiki 7, halin zuciya da tunani 6, mu'amala da mutane 3, muhalli 8. Yana tambaya a kan makonni biyu da suka wuce. Akwai kuma ReQoL, wanda jami'ar Sheffield ta Ingila ta yi musamman don masu amfani da asibitin ƙwaƙwalwa 'yan shekara 16 zuwa sama, akwai mai tambaya 10 akwai mai 20, shi mako ɗaya yake waiwaya, kuma da masu jinyar aka zauna aka tsara tambayoyinsa. SF-36 da EQ-5D ma suna nan amma sun fi karkata ga ciwon jiki da iya motsi. Ni dai in mutanenka masu ciwon damuwa ne ko masu shan maganin dogon zango, kuma karanta musu za a yi a kilinik mai layi, gajere ya fi maka, tambaya 26 ga mutumin da magani ke sa shi gyangyaɗi ba wasa ba ne.

Kowane fom yana da masu shi. Ka rubuta musu, ka nemi izinin fassara, ka tambaye su ko akwai ta Hausa a hannunsu tuni. In akwai, kar ka ɓata wata shida kana sake sabuwa, ɗauko waccan ka gwada ta a kan masu jinyar ƙwaƙwalwa, domin fom ɗin da aka gwada a kan masu ciwon gwiwa ba a gwada shi a kan naka mutanen ba. Galibi kuma za su turo maka ƙa'idar fassararsu, wasu har da takardar da ke bayyana abin da kowace tambaya ke nufi. Wannan takarda ka riƙe ta hannu bibbiyu.

A wannan lokacin ne kuma za ka kai takardunka kwamitin ɗa'ar bincike na asibitin da za ka yi aikin, misali na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, ko na asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa in har Kaduna za ka faɗaɗa. Ba ka yi wa majinyaci ko tambaya ɗaya sai takardar amincewa ta fito, har hirar gwaji. Takardar neman yardar majinyacin ma a fassara ta Hausa, mutane kan manta da ita.

Fassarar kanta

Ƙa'idojin da aka fi bi su ne na Beaton da abokansa na shekarar 2000, da na ISPOR, ƙungiyar masu binciken tattalin arzikin lafiya da sakamakon jinya, na 2005. Sun ɗan bambanta amma ƙashin bayansu ɗaya ne. Mutum biyu waɗanda Hausa ce harshen uwarsu, kowa ya fassara shi kaɗai ba tare da ya ga na ɗan uwansa ba. Ɗaya ya zama ma'aikacin lafiya da ya san abin da ake son aunawa, ɗayan kuma wanda ba ruwansa da asibiti, malamin Hausa ko mai aikin rediyo ko wani daga sashen harsunan Afirka a Samaru. Dalili, ma'aikacin lafiya in ya fassara, Hausar asibiti yake yi, rabi Turanci ne a ransa, shi kuma ɗayan yana kawo yadda ake faɗa a tsakar gida. Sai su zauna da mutum na uku a haɗa guda ɗaya, a rubuta duk inda aka yi gardama da yadda aka raba ta.

Daga nan a ba wasu mutum biyu daban, waɗanda ba su taɓa ganin na asalin ba, su mayar da Hausar zuwa Turanci, a kwatanta da na asali. Wannan mataki yana kama manyan kurakurai, kamar tambaya ta 26 ta WHOQOL-BREF inda Turawa ke kwatanta baƙin ciki da launin shuɗi, in wani ya kawo maka shuɗi a Hausa nan take za a gani. Amma fa kar ya ruɗe ka. Hausar da aka yi kalma da kalma ita ce ta fi komawa Turanci tsaf, kuma ita ce Baba ba zai gane ba. Wanda kuma ya zuba fom a manhajar fassara ya dawo da shi ta manhajar ya ce ya yi wannan mataki, kansa ya cuta.

Zaman kwamiti, inda ake dambe da kalmomi

Nan ne ya kamata ka kashe lokaci da lemo da kuɗin mota. A zauna da masu fassarar, da likitan ƙwaƙwalwa, nas, masanin halayyar ɗan adam, masanin harshe, sannan, kuma wannan kar a bari, mutum biyu ko uku da su kansu suke zuwa kilinik ɗin kuma jikinsu ya yi sauƙi, da mutum ɗaya mai kula da majinyaci a gida. Su ne za su gaya maka wace kalma ce ke ƙona rai. "Hauka" da "mahaukaci" ba sa shiga ko a bakin mai tambaya. "Taɓin hankali" ma da yawa ba sa so, mai ciwon damuwa zai ce maka shi hankalinsa ƙalau, ya miƙe ya tafi.

Babbar matsalar da za ku fara karo da ita ita ce kalmar "damuwa". Ita ke haɗiye komai, Turanci yana da kalmomi huɗu ko biyar mu duk mu ce damuwa, har rashin kuɗin cefane damuwa ne. Dole a rarrabe: fargaba daban, zullumi daban, baƙin ciki da ƙuncin rai daban, yawan tunani daban. Sai "yanke ƙauna". A takarda fassara ce mai kyau, amma a kunnen mutum tana jawo yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma ba mai imanin da zai amsa maka wannan ko yana cikin wane hali. Gara "ka ji kamar al'amura ba za su gyaru ba". Haka tambayar kyakkyawan fata game da gaba, in ba a gina ta da kyau ba amsa ɗaya za ka samu, gobe ta Allah ce.

Kaɗaici ma haka. ReQoL yana tambaya a kai, to ka je cikin Birni gidan da mutum talatin ke kwana ka ce wa matar gida tana jin kaɗaici, dariya za ta yi, ina ita ina kaɗaici ga kishiya ga yara ga surukai. Abin da ake nema shi ne jin ba ka da kowa ko kana tsakiyar mutane, kuma haka ya kamata jimlar ta fito. Tambayar samun lokacin shaƙatawa, ga wani majalisa ce da kallon ƙwallo, ga wata biki ne da suna da ziyarar gida, in ka bar ta "shaƙatawa" tsurarta wasu za su ɗauka yawon banza kake nufi su ce Allah ya kiyaye.

Tambaya ta 21 a WHOQOL-BREF a kan kwanciyar aure ce. Nan kowa a teburin zai sunkuyar da kai, wani ya ce a cire ta kawai. Ba ka da ikon cirewa, kuma gidan mu'amala tambaya 3 kacal gare shi, in ka zare ɗaya ya rushe. A nemo lafazi mai sutura, mace ta tambayi mace namiji ya tambayi namiji, a kuma yanke tun yanzu abin da za a yi da budurwa da saurayi da bazawara, a rubuta, a sanar da masu fom ɗin. Magungunan ƙwaƙwalwa da dama suna taɓa wannan ɓangaren, ga magidanta da yawa shi ne ma dalilin ajiye magani a ɓoye, saboda haka tambayar tana da amfani sosai duk da nauyinta.

Wani abu da Turanci bai damu da shi ba mu ya dame mu: ka da ki. Ka yi fom biyu, na maza da na mata, ya fi "ka/ki" ɗin nan da ke sa mai karantawa tuntuɓe a kowane layi. Wani zai ce a sa "ku" don girmamawa, to amma in ka ce wa dattijo "kuna samun isasshen barci" zai iya amsa maka da na gidan duka. A girmama shi da Baba da Mama da Malam a gaisuwa, tambayar kuma ta tsaya a kan mutum ɗaya. Ka kuma tuna wa ke zuwa asibiti a Zariya: Bazazzagin Ƙofar Doka, da mutanen Sabon Gari da Hausa ba ita ce ta gidansu ba, da Kiristan Wusasa, da Fulanin ruga, da waɗanda suka taso daga Funtuwa ko kudancin Kaduna. Hausa mai nauyin Larabci ko tsohuwar kalmar da sai an buɗe ƙamus ba za ta ɗauke su duka ba. Ba gasar adabi ake yi ba, duk da garin Gaskiya Ta Fi Kwabo muke.

Amsoshin biyar

Mutane na shan wahala a kan tambayoyi su yi wa amsoshi fassarar minti biyu, alhali daga nan maki ke fitowa. A ce kun sa: ko sau ɗaya, jefi-jefi, wani lokaci, sau da yawa, kusan kullum. To tsakanin jefi-jefi da wani lokaci wanne ya fi yawa? Kai ka san wanda kake nufi, shi fa? Ga gwaji mai arha: rubuta kowace a kati, ka cakuɗa, ka karanta wa mutum goma sha wani abu ɗaya bayan ɗaya su jera maka daga ƙarami zuwa babba. In jerin yana sauyawa daga mutum zuwa mutum, canza kalmomin. Ga waɗanda ba sa karatu, hoton mudu biyar yana taimakawa, daga wanda ba komai har wanda ya cika ya yi tozo, kowa ya san awo. Sai dai wannan ƙari ne a kan fom ɗin mutane, ka nemi yardarsu, kuma in za a nuna a nuna wa kowa.

Hirar gwaji

ISPOR ta ce mutum 5 zuwa 8 sun isa, Beaton ya ce 30 zuwa 40. Ni shawarata a yi zagaye-zagaye, kaɗan-kaɗan, a gyara a sake komawa har sai sabuwar matsala ta daina fitowa. Ka haɗa maza da mata, mai digiri da wanda allo kawai ya yi, ɗan gari da ɗan ƙauye, mai ciwon damuwa da mai ciwon da ke sa jin muryoyi wanda ya lafa.

Kar ka tambayi mutum "ka gane?" Zai ce eh don kunya da ladabi. Ka karanta tambayar, ya amsa, sai ka ce, "Mama, in ke za ki yi wa maƙwabciyarki wannan tambayar, yaya za ki faɗa?" ko "da kika ce sau da yawa, me kika tuna?" A irin wannan hira ce wata baiwar Allah ta warware mana matsalar Alhamdulillahi. Ta ce ai ku ne kuke tambaya kamar gaisuwa, wa ke amsa gaisuwa da ƙorafi? Daga nan muka sa gabatarwa a farkon fom, wadda ake karanta wa kowa iri ɗaya, cewa mun san komai sai godiya, kuma faɗin yadda jiki da zuciya suke ba butulci ba ne, kamar gaya wa likita inda ke ciwo ne. Muka kuma koyi a gama gaisuwa tukuna, ina gajiya ina gida ya jiki, a bar lafiya lau ɗin su fita su ƙare, kafin a buɗe fom.

Maganar "makonni biyu da suka wuce" ma ka duba ta a nan. Da yawa labarin tun farkon ciwon za su ɗauko. Ɗaura musu a kan abin da suke lissafi da shi, daga Juma'ar waccan zuwa yau, ko Lahadi biyu da suka wuce.

Babban gwaji: mutum nawa, kuma a wane hali

Ƙa'idar COSMIN, wadda masu duba irin wannan aiki ke riƙe da ita, tana son mutum 7 ga kowace tambaya kuma kada jimilla ta gaza 100. Ga mai tambaya 26, 182 ke nan, ga ReQoL mai 10 kuwa 100 ɗin dai. Ɗora wani abu a kai saboda fom ɗin da za su lalace. Kar ka tsinci masu fara'a da masu jin Turanci kawai, ka bi layin kati da tsari, misali kowane mutum na uku. Wanda ke cikin ruɗewa ranar ko bai iya fahimtar abin da ake nema ba a bar shi sai wani zuwan, likita ne zai tantance. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙarfafa haƙƙin majinyaci na yarda ko ƙi, to yardar ɗan rakiya ba ta wadatar in shi mai jikin yana iya yanke wa kansa. Wanda ba ya rubutu ya dangwala, da shaida wanda ba ɗan tawagarka ba.

Ɗan rakiyar nan sai an yi dabara. Kusan kowa da nasa yake zuwa, miji ko uwa ko yaya, kuma da ka yi tambaya shi zai riga amsawa, "ai ta warke, tana cin abinci sosai". Jin daɗin rayuwa mai ita ake tambaya. Ka ce, "Alhaji, a ba mu minti goma sha biyar, ƙa'idar aikin ce, kowa haka muke yi masa," ka ba shi kujera inda yana hango ƙofa amma ba ya jin magana. Mai tambayar kuma kada ya zama wanda ke rubuta wa mutumin magani, kuma a ajiye farar riga, domin wasu na tsoron in suka ce ba daɗi za a ƙara musu allura ko a kwantar da su, wasu kuma suna zaton tallafi za a raba sai su ƙara gishiri. A faɗa musu ƙarara ba ko ɗaya.

Masu tambaya a horar da su su karanta abin da ke rubuce kawai, ba ƙari ba bayani na kansu, in mutum bai gane ba a maimaita. In kowa yana fassara tasa a baki, fom biyar kake gwadawa ba ɗaya ba. A rubuta wa ya cike da kansa, wa aka karanta wa. In a waya za ku tara bayanan da KoboToolbox ko ODK, duba ƙ da ɗ da ɓ sun fito daidai, kuma lamba za a sa ba suna ba, takardar da ke haɗa lamba da suna tana kulle a wani wuri dabam.

ReQoL yana da tambaya a kan jin cewa rayuwa ba ta da amfani, PHQ-9, fom ɗin auna ciwon damuwa, shi ma tambayarsa ta 9 a kan tunanin mutuwa ce. Tun kafin a fara a san wane likita ko nas za a kai mutum wurinsa a ranar, kafin ya bar asibiti, in ya amsa da eh. A kuma gaya masa tun a takardar yarda cewa wannan kaɗai ne ba za a rufe ba.

Komawa karo na biyu

Ana so a sake yi wa wasu daga cikinsu, a ce 50 ko fiye, bayan kamar makonni biyu, a ga ko makin zai tsaya in halinsu bai canza ba. A takarda abu mai sauƙi. A aikace ranar kilinik ɗin mutum wata guda ce ko fiye, ba mai biyan kuɗin mota daga Soba ko Maƙarfi don ya amsa tambaya, saboda haka kuɗin motar yana cikin kasafinka. Kar ka yi na farko ido da ido na biyu a waya. Ka tambaye shi ko wani abu ya canza, an sauya magani, an yi rasuwa, an yi haihuwa, wanda ya ce eh a fitar da shi daga wannan lissafin. Kuma duba kalanda, in azumi ko sallah ya faɗo tsakanin zama biyun, barci da ci da kuɗi da ziyara duk sun juye, ba laifin fom ba ne. Awon da ake amfani da shi ICC ne, mai nuna yadda makin zaman farko da na biyu suka yi daidai, ana son 0.70 zuwa sama.

Lissafi

Kafin komai juya makin tambayoyin da aka gina a kife, wato waɗanda amsa mai yawa ke nufin rashin jin daɗi. A WHOQOL-BREF su ne ta 3 da ta 4 da ta 26. Rabin waɗanda ke zuwa da kuka wai alfa, awon da ke nuna ko amsoshi sun tafi tare, ta fito ƙasa, wannan suka manta. Littafin jagorar fom ɗin ya ce in fiye da kashi 20 cikin 100 na amsoshin mutum babu, a ajiye fom ɗinsa. Sai ka duba tambaya ɗaya-ɗaya, wacce aka fi tsallakewa, wacce kowa ya taru a amsa ɗaya. In fiye da kashi 15 cikin 100 sun samu maki mafi sama ko mafi ƙasa, fom ɗin ba ya rarrabe mutane a can, kuma a wurinmu saman ne abin tsoro, Alhamdulillahi ce ta dawo ta taga.

Sannan tsarin gida-gida: shin tambayoyin sun taru yadda masu fom suka ce? Tunda akwai tsarin da ake zato, CFA ake yi, wato lissafin da ke gwada ko amsoshin sun bi wannan tsari, kuma a ma'aunansa biyu ana son CFI wajen 0.95 da RMSEA ƙasa da 0.06. A manhajojin lissafi, SPSS zalla ba ya yi sai da Amos, amma jamovi da R kyauta ne kuma suna yi. In bai zauna ba kar ka yi ta murɗa shi har ya zauna, koma kan rubutun hirar gwaji, sau da yawa tambayar da ta fanɗare ita ce wadda aka yi gardama a kanta a kwamiti.

Alfa ta Cronbach a lissafa wa kowane gida daban, 0.70 zuwa sama ake nema, kuma gidan mu'amala mai tambaya 3 in ya ɗan gaza ba abin mamaki ba ne, ƙarancin tambayoyi na ja da ita ƙasa. Abin da nake so ka riƙe, alfa tana nuna amsoshi sun tafi tare ne kawai. Dattijon Giwa da ire-irensa in suka ce "sa mai kyan" daga farko har ƙarshe, alfa za ta fito sama ƙwarai, sufabaiza ya yi murna, fom kuwa ladabi ya auna.

Abin da ke tona wannan shi ne gwada fom da wani abu na waje. Tun kafin ka buɗe bayanan, rubuta hasashenka ka sa kwanan wata: makin halin zuciya zai sauka in makin PHQ-9 ko SRQ-20, wani fom na tantance alamun damuwa, ya hau, kuma alaƙar za ta fi ƙarfi a can fiye da gidan muhalli, waɗanda ke kwance za su samu ƙasa da masu zuwa daga gida, masu fama da illar magani irin taurin jiki da dalalar miyau za su samu ƙasa a lafiyar jiki. Ana son aƙalla kashi 75 cikin 100 na hasashen su tabbata. Fom ɗin da kake kwatantawa da shi ma ya zama an gwada Hausarsa, in ba haka ba makaho ne ke jan makaho. In mutanenka sun isa, duba ko wata tambaya tana aiki daban tsakanin maza da mata, ko tsakanin masu cikewa da waɗanda aka karanta wa. In kuma niyyar a riƙa amfani da shi a kilinik don ganin ko jinya na amfani, sai an bi sababbin majinyata na wasu watanni a ga ko makin na motsawa in likita da mai jikin sun yarda an samu sauƙi.

Rubutawa

Ka faɗi su wa aka gwada a kansu, a ina, ta wace hanya. "An tabbatar da shi ga Hausawa" ya yi girma, abin da ka yi shi ne manya masu zuwa kilinik a Zariya waɗanda akasari karanta musu aka yi, ba yara ba, ba mutanen Damagaram ba, ba kuma waɗanda ke gida ana musu ruƙiyya ba su taɓa zuwa asibiti ba. Ka sa teburin kalmomin da aka canza da dalilin kowace, mai zuwa bayanka ya fi buƙatarsa a kan lambobin. Tura fom na ƙarshe da rahoton ga masu shi su ajiye, ka ba kilinik ɗin kwafi na maza da na mata tare da gabatarwar da katin mudun, sannan ka nemi mutanen nan biyu ko uku da suka zauna a kwamiti ka karanta musu yadda tambayoyin suka ƙare, in sun yarda a sa sunansu a godiya a sa, in ba su so a bari.